Ruwa a Bayan Ango

Yaya Sunusi,

Na fita tun bayan sallar asuba. Ban tashe ka ba don na ga ka dawo a gajiye.

Bidiyon ɗaurin auren da ka ɗauko jiya a masallacin bakin jingar da ke tare ruwan kogi ne ya hana ni zama. Ka tuna inda hannunka ya karkace, kyamara ta bar ango ta koma kan buhunan yashi, ka ce in yanke? Na ɗora shi a Kdenlive, manhajar nan ta kyauta da kake yi wa dariya. Har zan yanke sai na ga wani abu yana ƙyalli. Na ƙara haske, na rage gudun hoton, na jawo shi kusa. Yaya, ruwa ne yake tsattsafowa ta ƙarƙashin buhunan, jajir da ƙasar jingar. Cin ta yake ta ciki, mutane kuwa suna gindinta suna rabon goro.

Na tura guntun a wayata, na tafi wurin mai unguwa. In bai saurare ni ba, gida-gida zan bi.

Ka kai Inna gidan Kawu a Jahun yau, ko da za ta yi faɗa. Ka tafi da kwamfutar, aikin mutane na ciki.

Kafin ka ce na cika tsoro, leƙa kwatar ƙofar gida. Ruwan ba fita yake ba, shigowa yake.

Adila