Ranar da Na Amsa Sunanki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya tsare ku daga wannan annoba, ya ƙara mana haƙurin rashin Inna. Mu nan lafiya, sai dai gidan ya yi mana faɗi. Kawu ya daina tari, har ya koma shagonsa, kodayake rabin layin a rufe yake har yanzu.

Mijinki ya ce tun rasuwar ba kya cin abinci, kullum cewa kike Inna ta tafi da fushinki don ba ki zo ba. Yaya, ke kika rufe iyakar? Sau uku kina yankar tikiti ana soke jirgin. An ce zumunci a ƙafa yake, to bana an ɗaure ƙafar kowa. Akwai abin da na ɓoye miki wata biyu, na kasa faɗa a waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ana gobe Inna za ta rasu, wata nas ta ji tausayina ta bar ni na shiga ɗakin asibitin da aka killace masu cutar, minti biyar kacal. Aka sa min rigar leda da safar hannu da takunkumi, ba abin da ake gani sai idanuna. Kin san idanunmu iri ɗaya ne, ga kuka ya dusashe min murya. Ina kama hannunta sai ta kira ni da sunanki. Ta ce ashe an buɗe hanya, dama ta san za ki zo. Na buɗe baki zan gyara mata, da na ga murnar da ke fuskarta sai kawai na amsa. Ta shi miki albarka, ta ce ta yafe miki duniya da lahira. Albarkar nan taki ce, ni karɓar miki na yi. Don Allah ki ci abinci.

Daga nan ta tambaye ni ina Auta. Ta ce kwana tara tana kallon ƙofa ban leƙo ba, ko tsoron cutar nake yi. Ni da nake yini a bakin asibitin da kular abincinta, masu gadi suna kora ta! Na ce mata Auta tana hanya. Ta ce ba komai, yarinya ce, ta bar miki amanata, kada ki yi min faɗa. Sai nas ta taɓa kafaɗata.

Ban yi da-na-sani ba, amma abin yana cina a rai.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ki. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaran. Tunda ke ta bar wa amanata, idan kin rubuto ki ce kin yafe min rashin zuwana. Zan ɗauka daga bakinta ne.

Ƙanwarki,
Auta