Kurkunun Tanko

Zuwa ga Larai, uwargidana,

Sallama a gare ki a makwancinki, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Malam Iro ke rubutawa, ni ke faɗa, tunda ban san baƙi ba. Na ce masa kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Kurkunu ya fito wa Tanko, autanmu, a idon sawu, daidai inda ya fito miki. Yau kwana goma sha ɗaya ina naɗe shi a sillen kara. Kullum da hantsi nakan jiƙa ƙafar, in shafa man shanu, in murza karan kaɗan. Da na ji ya turje sai in tsaya.

Ke kika nuna mini, amma ban koya ba sai da kika tafi. Daminar da nawa ya fito, wata guda kika yi kina naɗe shi, kina cewa, "Maigida, shi ba a yi masa fushi." Da naki ya zo, na ƙosa ki tashi ki riƙa kai mana abinci gona, na fizga. Ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura har cinya, kwana tara kika yi. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne. Amma hannuna ne ya ja.

Jiya dogari ya zo daga Dutse, wai Nasara na son mutum ɗaya daga kowane gida, a je fasa dutse a sabuwar hanya. Mai unguwa, wanda kika sha dama wa fura yana yaro, ya tsaya a ƙofar gidana, wai in finciko abin a huta, Tanko ya bi su ran Asabar. Na ce ya kawo hannunsa kusa da karan nan ya gani. Tun daga nan ban amsa sallamarsa ba, ba kuma zan amsa ba.

Mutum ɗaya suka ce, ba su ce wane ba. Na nemo tsohuwar gudumata, ni zan tafi. Na koya wa matar Tanko murza karan. Hannunta da sanyi, irin naki. Na sa ta rantse ba za ta ja ba, ko da gonar za ta koma daji.

Ki yafe mini, Larai. Allah ya haskaka kabarinki, ya fitar da tsutsar nan ɗungurungum, ya haɗa mu inda babu ciwo.

Ni ne mijinki, mai taurin kan nan da kika sani,
Jatau