Kawu Ya Zo Da Kular Ƙanƙara

Anti, don Allah ki agaza mini. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji.

Ban daɗe da gama jami'a ba na samu aiki a wani ɗakin bincike. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a tumbin mutum tana haddasa gyambon ciki, wato olsa. Mukan ɗebo ɗan yankin ƙwayoyin halittarta na gado mu dasa a jikin wata ƙwayar da muke kiwo a kwalba, ita kuma ta riƙa ƙera mana wani sinadari da ake kira furotin irin na waccan. Sai mu tace shi, a yi gwajin jini da shi. Ana fatan wata rana ya zama rigakafi, amma zuwa yanzu ɓeraye kaɗai aka yi wa allurarsa. Ba magani ba ne, ko ƙwaya ɗaya ba ya kashewa.

Haka na yi wa Baba bayani. Shi kuwa ya fita ƙofar gida ya shaida wa abokan hirarsa wai 'yarsa ta gano maganin olsa!

Kawu, ƙanin Mama, a hannunsa na taso, kuma an tabbatar yana da cutar. Da jin labarin ya ajiye magungunan da likita ya rubuta masa, wai suna sa masa ɗacin baki, ga na gida ya samu. Ya ji na ce a firji muke ajiye abin, sai ga shi a bakin ofishinmu da kular abinci cike da ƙanƙara, in zuba masa. A gaban shugabana na wurin aiki! Na hana, ya kira ni 'yar boko mai rowa, wai ɓera ya fi shi daraja a wurina. Mama ta daina amsa gaisuwata. Yanzu matar Kawu ta ce bayan gidansa ya koma baƙi, kuma ya rantse ba zai sha komai ba sai nawa. Ni ce mai laifi don na ƙi ɗura wa mutum abin da ba a taɓa gwadawa a jikin ɗan Adam ba?

Daga 'yarki, Mai Farar Riga

Amsa:

'Yata, ba ki yi laifi ba, kuma ko ɗigo kada ya fita daga firjin nan. Amma ajiye fushin tukuna. Baƙin bayan gida ga mai olsa na iya nufin jini na zuba a ciki. Asibiti yau, ba gobe ba.

Ki yi wa mutanenki adalci. Babanki alfahari ya yi da ke, kawunki kuma ciwo ke cinsa, ya yarda da hannunki fiye da na likita. Kin ba su lacca, su kuwa kalma ɗaya suka kama: olsa. To yi amfani da yardar nan. Ki je gidansa da kanki, ki durƙusa, ki ce ke za ki kai shi, ke za ki zauna kusa da shi gaban likita, kuma daga hannunki zai riƙa karɓar maganin likitan har ya ƙare. Abin da yake nema ke nan tun farko.

Babanki kuwa, ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa a taƙaice cewa maganarsa ta sa mara lafiya ya bar magani. A ƙofar gidan da ya faɗa, can zai gyara. Mamanki za ta sauko ranar da ƙaninta ya miƙe.

Allah Ya ba kawu lafiya, Ya sa albarka a aikin hannunki.