Mashin Uku a Bayan Dutse

Daren Asabar, Damba

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu da rana ni na matsa wa abokaina Sunday da Bashir mu hau mashinanmu mu bi hanyar nan mai kwana-kwana ta bayan dutsen Kwatarkwashi, wai mu ga koren damina.

Muna shan wata kwana muka yi kiciɓis da mata suna dawowa daga gona. Da ganin mashin uku a jere, fuskokinmu rufe da hular kwano, suka zubar da kayansu suka faɗa cikin gero. Sun ɗauka 'yan bindiga ne. A jihar nan aka haife ni, yaya aka yi ban yi wannan tunanin ba?

Wata tsohuwa ta kasa gudu, ta durƙushe a bakin hanya tana salati. Na cire hula na ce, "Inna, yi haƙuri, yawo kawai muka fito."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Yawo, ɗana? To, Allah shi ba mu irin kwanciyar hankalin da kunka samu."

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Tura mashin ɗin na yi har muka wuce ƙauyensu.