Jar Igiya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya mai jego da jaririn? An ce hancinki ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.

Tun da kika tafi jinyar 'yarki kika bar mini gida, mijinki ya ishe ni. Jiya ya shigo da dillali har bakin turke, ya nuna masa akuyar ƙungiyarku, mai jar igiya. Na tuna masa ƙa'ida: ta mata goma sha biyu ce, tana hannunki ne har ta haifa miki 'yar mace, sannan uwar ta wuce gidan Mai Kitso. Ya ce duk abin da ya kwana a gidansa nasa ne. Na ce to sauro ma nasa ne, ya haɗa ya sayar. Bai yi dariya ba.

Ranar kasuwa zai kai ta. Ki kwantar da hankalinki, zan san abin yi.

Ƙanwarki mai biyayya,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Mai jego lafiya, hancin yaro kuma ba ruwanki.

Kada ki san abin yi. Na roƙe ki. Ranar da kika san abin yi a kan kazar maƙwabta, wata guda ba a gaishe mu ba. Ki je gun Shugabar ƙungiya ta zo da dattijai su yi masa magana.

Shekara biyu ina jiran layi ya zo kaina. In akuyar nan ta salwanta a hannuna cire ni za a yi, Mai Kitso da marayunta kuma su tashi a banza. Ban taɓa mallakar abu mai numfashi ba, Auta. Wannan ba wurin wasanki ba ne.

Ki gaida surukata Inna, ki riƙa kai mata ruwan wanka.

Yayarki

Yaya ta kaina,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso bayan an tashi kasuwa. Gun Shugaba dama na je, tana biki a wani gari.

Mijinki ya sayar da akuya. Tsaya, kada ki yar da jaririn.

Kin san a turke ɗaya take kwana da ta Inna, mahaifiyarsa, duk su biyun farare. Da safe yana wanka na kwance jar igiyar na ɗaura wa ta Inna, taku kuma na ja ta ta ƙofar baya zuwa gidan Mai Kitso. Mutumin da bai taɓa zuba musu dusa ba, me ya sani ban da igiya? Ya fito ya kama ya tafi yana fito, ya dawo da sabon takalmi.

Da la'asar Inna ta fito da ƙwaryar dusa tana kiran akuyarta. Sai na gaya mata gaskiya, don kin san ba na ƙarya. Yaya, tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, har bakin titi ta bi ɗan nata da muciya. Kekensa ya sayar kafin ya karɓo akuyar a hannun mahauci, don mahaucin ya ƙara kuɗi.

Ya tare ni a zaure yana huci, wai me ya sa ban faɗa masa ba. Na ce, "Haba Yaya, mai abu ne zai kasa gane abinsa?"

Yanzu ba ya cin abincina, Inna ta ce ba ta san wanda ya fi wani iya shege ba tsakanina da shi. Ni da na yi aikin lada.

Af, na manta. Taku ta haihu shekaranjiya a gidan Mai Kitso. Mace.

Taki har kullum,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Kin sa na tsufa a kwana goma.

Ki je ki durƙusa ki ba Inna haƙuri, ba da wannan bakin naki ba. Uwa da 'ya su zauna gun Mai Kitso har a yaye, ni zan ɗauko tawa da hannuna. Kada ki ƙara taɓa komai kafin in dawo.

Sai dai ki sayo wata jar igiyar ki ɓoye. Mata tara ne suka rage a layi, kuma kusan duk suna da maza.

Yayarki