Ƙorafi a Kan Tauraron da Aka Sa wa Iri Na Huɗu

Daga: Tukur Da'u, manomi, Gafasa, Ƙaramar Hukumar Ajingi.
Zuwa ga: Hajiya Karimatu Gaji, Shugabar Shirin Gwajin Irin Gyaɗa, Gaya.
Kwanan wata: 6 ga Mayu, 2024.

Game da: Sakamakon lissafin gwaji da ba a adana ba, da jadawalin da muke jira.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. A daminar bara na ba da gefen gonata, ma'aikatanku suka shuka sababbin irin gyaɗa guda shida kusa da tsohon irinmu na gida. An cire, an auna, an tafi da lambobi.

2. Ranar 12 ga Fabrairu, jami'inku mai lissafi, Malam Badruddeen, ya zo da kwamfuta ya nuna mini jadawali. Akwai ɗan tauraro a gefen iri na huɗu. Ya ce ma'anarsa wannan iri ya fi namu da gaske, ba sa'a ba ce. Ni dai na ga tauraro, na yarda.

3. Da na kai wa mahaifiyata, Inna Baiwa, wannan albishir, sai ta ce tsohon iri ya gama aikinsa ke nan. Ta soye rabin buhun da muka ajiye don shuka, ta yi ƙuli-ƙuli da mai. Ya yi daɗi, ban musa ba.

4. Ranar 20 ga Afrilu Malam Badruddeen ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce wai tauraron nan na wucin gadi ne. Idan an gwada iri da yawa a lokaci guda, ɗaya na iya zuwa gaba da sa'a kawai, saboda haka dole a tsaurara lissafin a fitar da gyararren jadawali. To, gyaran kuma ba ya yiwuwa sai an adana sakamakon kowane iri a fayil guda. Shi kuwa a fuskar kwamfuta ya kalla, ya nuna mini, ya ji daɗi, ya rufe bai adana ba. Abin da ya rage shi ne hoton da ya ɗauka da waya, kuma babban yatsansa ya rufe layin iri na huɗu daidai. Na duba yatsan da kyau, lafiyarsa ƙalau, amma ba ya faɗin komai game da gyaɗa.

5. Ba hukunci nake nema masa ba. Mutumin kirki ne, ya gaishe da Inna har ƙasa, kuma ya ci ƙuli-ƙulin.

Saboda haka ina roƙon ofishinki da ya sa a sake lissafin, a adana sakamakon wannan karon kafin a rufe kwamfuta, a fitar da gyararren jadawali, sannan a turo wanda zai gaya mini da Hausa: in shuka na huɗu, ko in koma namu.

Hadari ya fara haɗowa, ranki ya daɗe. Idan sabon irin bai ci ba, sauran rabin buhun nan shi kaɗai ne abin da zan sa a ƙasa bana. Inna kuma har yanzu tauraron farko ta riƙe, ta ce ranar kasuwar Ajingi mai zuwa za ta ɗora kasko. A kan buhun nake kwana yanzu, amma ranar kasuwa dole in fita.

Ina mai ladabi da biyayya. Allah Ya ƙara girma.

Naki,
Tukur Da'u
Gafasa.