Zan Sa Wa Abokina Zagin Dodo a Baki

Inna Sabuwa, don girman Allah ki taimake ni, domin in ba a riƙe ni ba zan yi wa wani abin da har ya mutu ba zai manta ba.

Ina da shagon gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin, a Lafiya, bayan tasha. Talabijin biyu ne da na'urar da ake cusa wa kaset. Rabin kaset ɗin da ake kawo mana daga Anacha da rubutun Japan suke zuwa, kuma akwai masu labari, in ba ka karanta abin da sarki ya ce ba sai ka wuni kana bulayi a daji. Haushin haka ya sa na sayi wani tsohon ƙamus a Jos, na dinga bi harafi-harafi. Shekaru na yi a kai, Inna. Babu irin dariyar da ba a yi mini ba, har mahaifiyata ta ce aljanun talabijin sun shige ni.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Iorfa, abokina tun firamare. Kullum yana gefena riƙe da ɗayan hannun gem ɗin. Ni na koya masa haruffan. Yana iya furta su, amma wallahi bai san ma'anar ko rabin abin da yake furtawa ba.

To Iorfa yana aiki da ƙungiyar manoman riɗi a Assakio. Sai ga labari wasu 'yan Japan za su zo duba riɗi ƙarshen wata, ana neman wanda zai yi musu jawabin maraba da yarensu, ya kuma zagaya da su gonaki. Mutumin nan ya miƙe tsaye ya ce shi ya iya! Ko sunana bai ambata ba. A bakin mai shayi na ji, kamar bare. Har an ɗinka masa sabuwar riga.

Jiya kuma, da yake kunya ba ta ishe shi ba, ya zo yana sosa ƙeya wai in rubuta masa jawabin. Na ce to. Akwai maganar da babban dodo yake faɗi a ƙarshen wani gem: ku ƙwari, kun kawo kanku kabari da ƙafafunku. Ita zan rubuta masa, tsaf da ita, ya karanta gaban baƙi da manoma yana murmushi. Ina so in ga an kore shi a bainar jama'a. Na tsane shi, Inna, ba na ko barci. Ki gaya mini in ban yi daidai ba.

Wanda Aka Haye Kansa, Lafiya

Ɗana, ba ka yi daidai ba. Amma bari in fara da naka: an cuce ka. Kai ka yi noma, wani ya zo da buhu. Kalma ɗaya ta ishi Iorfa ya ce kai ne malaminsa, bai faɗa ba, kuma wannan rowa ce.

Sai dai ka dubi nasa gefen. Shi yake aiki a ƙungiyar, shi ke magana da manoman da yaren Tibi, kuma ina zaton baki ne ya riga hankali a gaban oga, yanzu ya rasa yadda zai janye. Da ya raina ka da bai dawo ƙofarka ba. Wanda zai karanta abin da bai fahimta ba gaban jama'a saboda kai ka rubuta, ya ba ka wuyansa ne.

Ka kuma lissafa wa zai sha dukan. Iorfa zai ji kunya ta mako guda. Manomin da ya share damina a gonar riɗi yana jiran mai saye, shi me ya yi maka? Kuma Lafiya ba ta da girma, kafin la'asar kowa ya san hannun wa ya yi rubutun.

Ga shawarata. Ka kira shi yau, ku biyu kawai, ka zazzage masa duk abin da ka zazzage mini. Ka ce jawabi za ka rubuta, gajere mai ladabi, wanda ka tabbatar a ƙamus, ba maganar jarumai da dodanni ba. Sharaɗi ɗaya: ya kai ka wurin shugaban ƙungiya, ya faɗa da bakinsa wa ya koya masa, ku tarbi baƙin tare. In ya ƙi, ka ce ba ka rubutawa, ka koma shagonka. Wannan ma ramuwa ce, kuma babu zunubi a cikinta.

Ka yi shekaru kana koyon yaren mutanen da ko ɗayansu ba ka taɓa gani ba. Ga su Allah ya kawo maka har Assakio. Kada maganarka ta farko da za ta shiga kunnensu ta zama zagi.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa riɗin ya yi kasuwa.

Inna Sabuwa